Ƙwaro Ya Ƙi Ci, Mun Zuba wa Auta

Tun ban buɗe baki ba na hango Alhaji yana gyara zaman hula, alamar musu ya motsa. To, ranka ya daɗe, bari in hutar da kai in faɗi abin da za ka faɗa. Shekara sittin kana cin wake. Da ƙosai aka yaye ka, garau-garau ne ya raka ka makaranta, ga ka nan garau, ko mura sai ta yi sallama take shigowa. Saboda haka duk wani zancen burbushin maganin ƙwari a cikin abinci surutun 'yan boko ne da suka rasa aikin yi. Na faɗa daidai? Madalla. Ni ma ai ba da kai nake ba. Kai ka ci zamaninka, har ka fara lasar na wasu. Da wannan 'yar da ke jingine a gwiwarka nake, wadda kake gutsura wa ƙosai kana kiranta amarya.

Da farko ma, waken da aka yaye ka da shi ba shi ne wannan ba. Kakarka da toka take ajiye nata, ko ta cakuɗa shi da yashi mai laushi, ko ta watsa masa barkono ta liƙe bakin tulu da laka. Ba wanda ya tsiyaya wa waken yayenka ruwan kwalba mai hoton ƙoƙon kai. Don haka shaidar da kake kafawa da cikinka, shaidar wata shari'a ce daban.

Sai mu yi lissafi irin na kasuwa, tunda shi ne ba a musu da shi. A ce nauyinka kilo 70, ka ci ƙosai shida. Amaryar taka kilo 14 ce, ta ci uku. A ido ka fi ta ci nesa ba kusa ba. Amma a raba wa kowane kilo na jiki kasonsa, sai ka tarar ta ninka ka sau biyu da rabi. Ga shi yaro ba ya yawo a abinci. In ya kama kunu da ƙosai, to kunu da ƙosai ne har wata uku, ko za a yi yaƙi. Duk abin da ke cikin waken nan, kullum safiya sai ta karɓi rabonta. Hantar da za ta tace kuwa ba ta gama koyon aiki ba. Akwai wani sinadari da jiki ke karya wani dangin gubar maganin ƙwari da shi, jariri da ɗan kaɗan yake zuwa duniya, sai a hankali yake ƙaruwa. Ƙwaƙwalwa kuma ana tsakiyar gininta. Ruwan da ya doki tsohon soro ya wuce abinsa, shi ne yake kwantar da katangar da aka ɗora jiya.

Ba ni na gano wannan ba, kada a ba ni girman da ba nawa ba. A 1993 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto sukutum a kan maganin ƙwari a cimar jarirai da yara, ƙarƙashin jagorancin wani likitan yara, Philip Landrigan. Abin da suka tarar shi ne ma'aunin da hukuma ke aiki da shi da jikin babba aka yanka shi, kamar tela ya auna uba ya ɗinka wa ɗa. A 1996 ƙasar ta yi doka: duk maganin da ba a da cikakkiyar hujjar bai cutar da yara ba, a ƙara tsananta ma'auninsa har ninki goma.

Ga abokin wasana Bazazzagi can yana taɓe baki, wai Bakano da ya ji Amurka sai jikinsa ya hau rawa, mu ina ruwanmu. To zo mu dawo gida, ka riƙe mini jaka.

Duk duniya ba ƙasar da ta kai Najeriya noman wake, Nijar ce ke bi mata. Wake kuwa yana da maƙiyi guda da ba ya barci, ɗan ƙwaron nan da ke biyo shi tun daga gona. Ka ajiye buhu ba kariya, kafin 'yan watanni ka kwance ka tarar da huji da gari. Ɗan kasuwa ya saya da kaka, yana jiran farashi ya tashi da bazara, jarinsa kaf yana cikin sito. Me kake so ya yi, ya zauna yana kallo? Sai ya nemi abin da ya fi araha kuma ya fi saurin kisa, wato dikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba. Shi ne a cikin Sniper, kuma da shi ake haɗa fiya-fiyar da yara ke talla a tasha.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta rufe wa busasshen waken Najeriya ƙofa saboda wannan sinadari. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. A kayan da suka kama sun riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6. Wato mai dama-dama ya ninka iyaka sau uku, gwarzon cikinsu sau 460. A 2016 suka tsawaita hanin da shekara uku. Na san amsarka, hassada ce irin ta Turawa, ba sa son mu ci gaba. Na ji, a bar shi a hassada. Amma ka amsa mini abu biyu. Waken da ake ɗora wa jirgi ai shi ne na fita kunya, wanda aka zaɓa aka tsince. In na fita kunya ke nan, na cin gida fa? Na biyu, da aka rufe ƙofar, ina waken ya nufa? Ban ji an zuba shi a teku ba. A ƙarshen 2018 bidiyon 'yan kasuwa suna yayyafa wa wake Sniper ya karaɗe wayoyi, kowa ya yi salati, aka tura wa dangi, washegari aka jiƙa wake. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwanni da kantuna. Ko hanin ya iso lungunku, leƙa teburin mai kayan koli na bakin masallaci ka ba ni labari.

Bari in gaya maka yadda abin yake aiki, don kada ka ɗauka tsafi ne. Jijiya tana aika wa tsoka saƙo kamar yadda almajiri ke rubutu a allo: a rubuta, a karanta, a wanke, sannan a sake wani. A jiki akwai sinadarin da aikinsa ke nan, wanke allon. Dikulobos da 'yan uwansa wannan mai wankin suke ɗaurewa. Sai rubutu ya hau kan rubutu har allo ya koma baƙi ƙirin. Ƙwaro ya yi ta karkarwa ya mutu. Abin takaicin, irin wannan allon ne a jikin ƙwaro, irinsa ne a jikin auta. In ya yi yawa, sai yawu ya yi ta dalala, hawaye, gumi, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, jiki ya hau fizga, numfashi ya gagara.

A 2008 'yan mata kimanin 120 na makarantar kwana ta Doma a Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake. Da NAFDAC ta gwada, a zamanin Dora Akunyili, sai ta tarar da lindan jibge a ciki, wato gamalin ɗin nan da wasu ke zuba wa ruwa don kama kifi. A shekarar ce hukumar ta haramta magungunan gona guda 30. Na san Domar karin magana tana Nasarawa, ba ita ce ta Gombe ba, amma ko wace Doma ce, abin da ya ci ta ba ya barin Awe. A Indiya kuwa, ran 16 ga Yulin 2013, yara 23 suka mutu a wata firamaren ƙauye a jihar Bihar bayan abincin rana. Man girkin ne ya gurɓata da maganin feshi mai suna monokurotofos, kuma bincike ya nuna an zuba shi ne a mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin. Kafin ka ce Allah sarki Indiyawa, tuna mini jarkar nan mai kyau da ka wanke da omo ka ce asara ce a yar, me ake zubawa a ciki yanzu?

Sai dai wanda ya faɗi yana kumfa, kowa ya gani, an yi asibiti. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ba ya kumfa, ba ya amai, yana cin kaɗan-kaɗan kullum yana wasansa. A nan ne hujjar "mun ci ba mu mutu ba" take karyewa, don ba mutuwa kaɗai ce asara ba. Masu bincike na Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok sun auna wani magani mai suna kulofirifos a jinin cibiyar jarirai ran haihuwa, suka bi yaran shekara da shekaru. Waɗanda aka samu da yawa a jininsu, a shekara uku sun fi jinkirin tasowa, a shekara bakwai sun fi raunin riƙe abu a ka. Mafi yawan maganin nan kuwa daga feshin kyankyaso na cikin gida iyayen suka same shi, ka ji, kai mai fesa fiya-fiya ka rufe ƙofa mai ciki tana kwance. A kwarin Salinas na Kalifoniya, inda ake noman ganye, an bi mata masu ciki kimanin 600 tun daga 1999. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna 'ya'yan matan da fitsarinsu ya fi nuna wannan dangin magani sun gaza 'ya'yan waɗanda suka fi ƙarancinsa da maki bakwai a gwajin kaifin basira. Tarayyar Turai ta kori kulofirifos daga gonakinta a 2020.

Maki bakwai ba ya sa yaro ya kwanta. Ba zazzaɓi, ba ƙurji. Sai dai malami ya maimaita sau uku maimakon biyu. Mu kuwa mun tanadi bayani tun tuni: uba ya ce dangin uwa ya biyo, uwa ta ce ai ga shi nan sak kawunsa, kaka ta ce baki ne a nemo rubutu. Ban ce duk yaron da ya ɗauko na talatin a aji wake ne ya ja masa ba, wani kam gado ne tsakani da Allah, kuma na san gidajen. Cewa na yi cikin duk waɗanda ake tuhuma, ba a taɓa kiran kwanon abinci ya zo ya kare kansa ba.

Hajiya, sannu da haƙuri, na ga tun ɗazu kina harara. Ke kin ce ba ki da matsala, don kina wankewa, kina surfewa, kina tafasawa ki zubar da ruwan fari. A gaishe ki, kuma gaskiya kin rage da yawa. Dikulobos ba ya jure iska da ruwa da wuta, shanya da jiƙo da tafasa suna cin ƙarfinsa sosai. Amma gamalin da danginsa ba haka suke ba, suna daɗewa, kuma maiƙo suke bi su maƙale, har a kitsen jikin mutum. Sannan in tambaye ki: garin ɗanwake fa? Waken da aka kai inji a bushe, da ɓawonsa da ƙurarsa, aka haɗa da rogo da kuka, wa ya wanke shi? Wa kuma ya fi yara layin ɗanwake?

Kayan lambu ma da nasu. A jikin kowace kwalbar feshi ta kirki an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, don rana da iska su cinye maganin. Rubutun da Turanci ne, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, mai lambu kuma mota za ta zo gobe da asuba. Ya fesa yau, ya tsinka gobe, jibi yana farantinki. Wanda ya ga shekarar 2016, da tsutsar tumatir da manoma suka laƙa wa suna sharon ta cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, ya san yadda mutum ke haɗa magani uku a tanki ɗaya in ya ga jarinsa na narkewa. Ba mugu ba ne, 'ya'yansa ma daga kwandon suke ci. Latas, kabeji, kokwamba, karas, yalo, duk ɗanye ake ci, ba wutar da za ta taimaka. Ki wanke da ruwa mai gudu kina murzawa, ki yar da ganyen kabeji na waje, ki fere abin ferewa. Amma akwai maganin da shuka ke sha ya bi ruwan jikinta, shi kam wanka ba ya fitar da abin da ke cikin jini.

Wai ma ta ina aka san ta baki yake shiga? An gwada. A yankin Siyatil na Amurka an ɗauki yara 23, aka sauya musu cimarsu da wadda aka noma ba feshi na kwana biyar, ana auna fitsarinsu safe da yamma. Alamar magunguna biyu, malatiyon da kulofirifos, ta ɓace kusan nan take. Da aka mayar da su abincin da suka saba, ta dawo. A 2006 aka buga wannan. Ni abin da na ɗauka a ciki mai daɗi ne: jikin yaro yana wanke kansa da wuri, in dai an daina ƙara masa.

Allah gafarta Malam, na san kowa da ranarsa, ban musa ba. Na dai lura kwaɗo biyu kake sa wa ƙofar shago.

Kai kuma ƙanena ɗan boko, da ka karanta rabin maganar ka ruga gida ka hana yara wake da ganye, dawo. Wake shi ne naman talaka. Yaron da aka hana wake da zogale da alayyahu aka bar shi da taliyar leda da lemon kwalba, an cire shi daga ruwa an jefa a wuta. Haka wadda ta ji an ce ana samun burbushin irin su gamalin a nonon uwa ta fara tunanin gwangwani: ana samu, a ƙasashe da yawa an auna an gani, kuma duk da haka likitocin duniya ba su sauya magana ba, nono zalla wata shida. Ba abincin ne abin gudu ba, abin da muke zuba masa ne.

Na ce "muke" da gangan, don yanzu zan tona kaina. Wata rana uwargida ta aike ni awon wake. Na tsoma hannu a buhun wani dattijo, sai ga ƙwari biyu suna tattaki a bayan hannuna. Na yarfe, na yi masa wa'azi a kan ha'inci, na wuce gaba wurin wani saurayi mai wake fari tas, ko ƙuda ba ya sauka a kai. Har da ƙarin kuɗi na biya, ina tafe ina yabon idona. Da aka kwance leda a gida, uwargida ta sunsuna ta ɗago ta ce, "Malam, wake na aike ka ko maganin sauro?" Ranar na gane ƙwarin nan biyu su ne sufetocin da ba sa karɓar na goro. Sun ɗanɗana waken dattijo sun sa hannu. Na saurayin kuwa sun ƙi, ƙuda ya ƙi, ni mai digiri na saya zan kai wa auta. Ɗan kasuwa ba mahaukaci ba ne, abin da muke biya shi yake kawowa. Muddin huji ɗaya zai sa mu juya baya, mu ne muka yi odar kwalbar.

Na ji Bazazzagi ya yi tsalle, wai ya kama ni: ashe so nake mu koma cin wake mai ƙwari. Zauna, ba ka kama komai ba. Akwai waken da ba ƙwaro kuma ba guba. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana na Jami'ar Purdue da takwarorinsu a Marwa ta Kamaru suka fara aikin ajiyar da ke toshe iska, daga 2007 aka baza shi a Afirka ta Yamma da sunan buhun PICS, masu binciken noma na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi suka tabbatar. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su mutu da kansu, ba a zuba ko ɗigo ba. In ba a huda ledar ba, buhun zai sake wata kakar. Jarka mai tsabta ko duro mai murfin kirki, a cika shi taf da busasshen wake a toshe, shi ma haka yake yi, dabarar tulun kakarka ce aka sa mata sabuwar riga. A Kano ake ƙera buhun, na san wannan ne kaɗai zai hana ka saye. Don kada ka yi fushi, ku ma Samaru ta fitar da irin wake a ƙarshen 2019 wanda masu shi suka ce yana rage feshin gona daga shida ko takwas zuwa biyu, kodayake ba ya hana ƙwaron sito.

Saboda haka rashin ƙwaro ba laifi ba ne, tambaya ce. Ka ɗebo ka sunsuna. Ka duba tafin hannunka ko ya yi fari da hoda. Ka tambayi mai kaya da me ya ajiye, in ya ce buhun leda ne ya nuna maka. Ranar da masu awo goma suka yi masa wannan tambaya a jere, da kansa zai nemo buhun. Mai jefa ƙwayar Phostoxin a buhu kuma ya sani hayaƙi take fitarwa mai kisa, ba a ajiye buhunta a ɗakin da ake kwana.

Saura magana ɗaya, ita kam ba wasa a ciki. In yaro ya sha, ko ya ci abinci ya fara dalalar yawu da amai da fizga, a ajiye manja, a ajiye madara, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro. Yawancin magungunan nan a cikin wani mai kamar kalanzir aka narka su, in aman ya faɗa huhu an ƙara wata cutar a kan wata. A tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a yi asibiti a guje, kuma a tafi da kwalbar ko ragowar abincin, don likita ya san allurar da zai ɗauko. Akwai makari, atirofin sunansa, amma ba ya jiran a gama shawarar dangi.

Alhaji, na san ban kayar da kai ba, kai ba a kayar da kai. Ka ci gaba da cewa surutu ne, na yarda, mu haɗu a majalisa bayan la'asar ka rama. Amma kafin nan, kwalbar nan da ke bayan ƙofar kicin, kusa da galan ɗin man gyaɗa, daidai tsayin hannun amaryarka, tashi ka ɗauke ta.